Hoto na 213

Koren layin nan da ke rarrafe a gindin allon kwamfuta ya tsaya cak da misalin ƙarfe tara da rabi na dare. A ƙarƙashinsa an rubuta 212 cikin 640. Na ba shi minti biyar, na ƙara masa goma. Na tashi na sha ruwa a randa na dawo, yana nan inda na bar shi, ko gezau. Janaretan maƙwabcina mai cajin waya, wanda nake jan wuta daga wurinsa, ƙarfe sha ɗaya yake kashe shi, ko da kuwa Sarki ne ke caji. Batirin kwamfutar tawa kuma ya daɗe da zama ado.

Ni malamin makaranta ne a Gwaram, ɗaukar hoto sana'ar bayan tashi ce. Wata tsohuwar kyamara na saya a Kano, ta hannu, da ita nake zuwa biki da suna da walimar sauka, in samu na cefane. Akwai manhajar da nake zuba hotuna a ciki, ita ke kwaso su daga katin memori, ta jera su rana-rana, ta ba ni damar gyara haske. Ba yau ta fara tsaya mini ba. Da can in ta tsaya sai in yi tsaki, in kashe in kunna, in ba ta yi ba in bari sai gobe. A wannan daren ban yi tsaki ba. Tagumi na yi, domin Goggo tana cikin katin nan.

Goggo yayar mahaifina ce. Allah bai bar mata 'ya'ya ba, duk wanda ta haifa ba ya kaiwa yaye, shi ya sa da aka yaye ni aka miƙa mata ni riƙo. Sunan mahaifinsu aka sa mini, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Babana take ce mini, ko tana lallashi ko tana zagi. Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta yi mini littafi da takalmin makaranta. Kuma a duk faɗin Gwaram ban san wanda ya ƙi jinin hoto kamarta ba. In ana biki aka ce a matso a ɗauka, sai ka ga mayafi ya sauko har haɓa, ta juya baya tana neman butar da ba ta ɓata ba. Hujjarta ɗaya ce, ba ta canzawa: mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da hoto. Da na fara sana'ar na zauna na karanto mata cewa malamai da yawa sun bambanta tsakanin surar da aka sassaƙa ko aka zana da hannu da abin da kyamara ke kamawa. Ta saurare ni har na gama, tana murza ƙuli, sannan ta ce, "To Babana, malaman naku su shiga. Ni dai ban shiga ba."

Hotonta guda ɗaya da na sani a duniya shi ne na katin zaɓe, wanda aka ɗauke ta a kan dole, fuska a murtuke, baƙi ƙirin kamar an ɗauka cikin rumbu. Shi ma ya tafi a daminar 2022, lokacin da ruwa ya kwantar da bangon ɗakinta na gabas.

A watan Janairun 2023 matata ta haihu, mace. Ban yi shawara da kowa ba na sa mata sunan Goggo, muna kiranta Ummi. Ranar suna hunturu ya yi hazo, na wuni ina ɗaukar mata da kwanukansu da atamfofinsu. Da la'asar sakaliya, mutane sun ragu, sai na ji an ce, "Babana." Tana zaune kan tabarma a ƙofar ɗakin mai jego, jaririyar a cinyarta. Ta ce, "Zo da abin naka."

Na ɗauka wani abu take nufi, har na ce wanne. Ta nuna kyamarar da haɓa. Sannan ta gindaya sharuɗɗa kamar mai ba da aure: guda ɗaya tak, ba za a rataye a bango ba, ba za a sa a waya duniya ta gani ba. "Ba don kai ba ne. Don wannan ce. In ta girma ta san mai sunan." Na durƙusa na danna sau ɗaya. Yatsana ya so ya ƙara, don mu masu hoto ba ma yarda da guda ɗaya, amma ta riga ta ɗaga mini hannu. Na duba bayan kyamarar na ga ya fito, na miƙa mata ta gani, ta kau da kai.

A makon farko na Maris ta rasu a asibitin tarayya na Birnin Kudu, bayan jinyar kwana huɗu. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Tsakanin suna da rasuwa akwai mako bakwai. A cikin mako bakwai ɗin nan ban zauna na kwashe katin ba ko sau ɗaya. Ina da dalilai, kowannensu gaskiya ne: an koma makaranta, ga rashin wuta, ga ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira, wanda ya sa kowa ya koma zaman layi. Amma a cikin makonnin nan na samu lokacin kallon ƙwallo. Na ci gaba da ɗauka a kan katin, har da wani biki a Sara da taron iyayen yara a makaranta. Katin kuwa shekararsa shida a hannuna, ban taɓa tunanin yana tsufa ba. Mutum yana ganin tayar babur ta suɗe, yana ganin takalmi ya cinye, amma ɗan baƙin abin nan da bai fi tambarin wasiƙa ba kullum kamanninsa ɗaya.

Bayan addu'ar bakwai, Baba ya kira ni zaure. Mutum ne da bai iya roƙo ba, ko ruwa yake so sai dai ya kalli randa. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "An ce wai Yaya ta yarda ka ɗauke ta." Na ce haka ne, Baba. Ya ce, "To." Can kuma ya ce, "In ba wahala, zan so in gani." Na ce gobe in sha Allahu. Shi ne na zauna a daren nan.

Abin da na fara yi shi ne abin da bai kamata ba. Na danna wurin sokewa, manhajar ta ƙi ji. Na danna na danna, allon ya yi fari-fari kamar mai shirin suma. Zuciya ta ɗebe ni na fizge katin daga kad-rida, ɗan abin nan da ake soka kati a ciki a haɗa da kwamfuta. Da na mayar, sai ga saƙo ya fito yana cewa akwai matsala a katin, ko ina so a bincika a gyara? Wallahi linzamin yana kan "gyara". Abin da ya tsayar da ni ba ilimi ba ne, tsoro ne. Na ɗauki waya na kira wani abokina da muka yi makaranta tare, wanda yanzu yake gyaran wayoyi da kwamfutoci a Farm Centre a Kano.

Ya ce, "Malam, ɗauke hannunka daga kan abin nan tukuna. Ka ɗauke?" Na ce na ɗauke. Ya ce in cire katin a hankali, in duba gefensa na hagu akwai ɗan makulli da ake turawa ƙasa, in tura. In an tura shi, kad-rida ba zai bari a rubuta komai a kan katin ba, karatu kawai. Ya ce duk wani gyara da kwamfuta za ta yi, rubutu ne a kan katin, kuma katin da ke ciwo ba a yi masa rubutu; haka nan ko da wasa kada in yarda in an ce a yi masa fomatin. "Ka ɗauka mara lafiya ne a kan gado. Ba a sa shi noma don a gane inda ke masa ciwo."

Daga nan muka shiga cire zato ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya ina dubawa. Rumbun kwamfutar ya cika ne? A'a, akwai fili fiye da giga tamanin. Na canza ramin da na soka kad-ridan? Na canza. Na goge 'yan haƙoran katin masu ruwan zinariya da tsumma mai taushi, tunda ƙurar hunturu ba inda ba ta shiga? Na goge. Ko katin jabu ne? Nan ya ɗan tsaya ya yi mini bayani, don ya ce kullum sai an kawo masa irinsu: kati ne mai giga takwas ko ƙasa da haka, a yi masa dabara ya riƙa gaya wa na'ura cewa shi mai sittin da huɗu ne. Kana zuba masa kaya yana karɓa, sunayen fayil suna fitowa lafiya lau, amma duk abin da ya wuce ainihin cikinsa iska ce. Na ce nawa na sha cika shi har baki a shekara shida ban taɓa rasa komai ba. Ya ce to ba jabu ba ne, tsoho ne.

Sannan ya gaya mini abin da tun farko ya kamata in sani. Manhajar hotuna ba kwafa kawai take yi ba. Kowane hoto sai ta buɗe shi, ta karanta ranar da aka ɗauka, ta ƙera ɗan ƙaramin samfurinsa, ta rubuta shi a kundinta, sannan ta wuce na gaba. In ta zo kan fayil ɗin da wani yankinsa ya faɗa a gurbin da ya lalace a cikin katin, sai ta nema, katin ya yi ta ƙoƙarin karantowa yana kasawa, kwamfuta ta tsaya jiran kati, manhaja ta tsaya jiran kwamfuta, ni kuma in tsaya jiran manhaja. Ba wanda ya mutu a cikinsu, kowa jiran wani yake. Lambar da ke allo kuwa tana gaya maka na ƙarshen da ya wuce lafiya. Mai laifin shi ne na gaba da shi.

Na ce na gode, na ajiye waya. Na mayar da katin cikin kyamara na shiga lissafi. Na 212 ƙawayen matata ne su huɗu, sun riƙe baho cike da sabulai. Na tsallaka. Na 214 allon makaranta ne, washegari da safe. Na dawo tsakiyarsu. Kyamarar ta yi jim, ɗan jan fitilarta na ƙiftawa, sannan ta rubuto cewa ba za ta iya nuna wannan hoton ba.

A daidai nan janareta ya mutu.

Matata tana zaune bakin gado tana shayar da Ummi, duk abin nan tana ji ba ta tanka ba. Cikin duhun ta ce, "Abban Ummi, ko dai ka haƙura? Hoto ɗari shida da arba'in, a rasa wanda zai ƙi sai nata? Wataƙila dai har yanzu ba ta so." Na ce mata wannan ai zancen banza ne, kati ne ya lalace, ina ruwan kati da mamaci. Na faɗa da ƙarfi fiye da yadda ya kamata, har yarinyar ta firgita. Amma da na kwanta, maganar ta kwanta tare da ni. Ni da nake koyar da yara lissafi, na san abin da ɗaya cikin ɗari shida da arba'in yake nufi. Na yi ta juyi ina tuna yadda ta kau da kai ranar da na miƙa mata ta gani. Anya ba kunyata ta ji ba ta yarda, don na yi mata takwara? Anya ba matsa mata na yi ba, shekara da shekaru, da 'yan fatawoyina?

Da safe na je gaida Baba. Bai tambaya ba, ni ma ban ce komai ba. Wannan ya fi tambayar ciwo.

Abokina ya ce kafin a yanke wa katin hukunci sai an gwada wani kad-ridan, domin masu arhar nan su ma suna da nasu ciwon. A Gwaram ban samu ba, sai Birnin Kudu. Zuwa Kano a lokacin ba shi ma cikin lissafi: ba tsabar kuɗi a hannu, masu POS sun tsawwala, tiransifa kuma ka tura tun safe sai magariba ta isa, in ta isa ke nan. Direban da ya ɗauke ni tsohon ɗalibina ne, ya ce, "Malam, shiga kawai, ma haɗu."

Ina zaune a gaba, da muka doshi gari duwatsun nan suka fara bayyana, sai na tuna shekarar da muka kai ɗalibai Dutsen Habude da Dutsen Mesa su ga zanen shanun da mutanen da suka yi a jikin dutse. Tun a shekarun 1950 wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi rubutu a kansu, yanzu kuma suna cikin kayan tarihin ƙasa. Ranar nan na tsaya gaban yara ina ta bayani da alfahari, kyamara rataye a wuya, ina ganin mu ne muka ci gaba. Wanda ya zana saniyar nan ba a san sunansa ba, amma saniyarsa tana nan da ƙahonta; ni kuwa da na'urar Japan a hannu na kasa riƙe fuskar mace ɗaya mako bakwai. Na san kwatancen bai yi adalci ba, shanu nawa aka zana ruwa ya wanke? Amma mai baƙin ciki ba adalci yake nema ba.

Sabon kad-ridan bai canza komai ba. A kan fayil ɗin nan dai ya tsaya, kamar jakin da ya ga rami. Abokina ya ce madalla, yanzu mun san inda ciwon yake. Ya ce in rufe manhajar gaba ɗaya in manta da ita, in buɗe katin kamar yadda ake buɗe filashi, in shiga foldar da ake kira DCIM, wadda kusan kowace kyamara da waya ke ajiye hotuna a cikinta. Ya turo mini wani layin umarni ta WhatsApp, na wani ɗan aiki da ke cikin Windows mai suna robocopy, ya ce in kwafe shi harafi da harafi. Na tambaye shi ma'anar wutsiyar da ya ƙara a ƙarshe. Ya yi dariya ya ce in ba a gaya wa robocopy komai ba, in ya gamu da fayil ɗin da ya ƙi karantuwa zai sake gwadawa har sau miliyan ɗaya, yana hutawa daƙiƙa talatin tsakanin kowane gwaji. Na buga lissafin a kai: ya doshi shekara guda. Wutsiyar tana ce masa ne, in ka gwada ya ƙi, wuce.

Ya wuce ɗin. Da ya gama ya kawo rahoto: 636 sun kwafu, 4 sun ƙi.

Huɗu. Ban taɓa jin daɗin asara irin na ranar ba. Biyu daga bikin Sara ne, ɗaya daga taron makaranta, wani mutum yana hamma. Ashe ba Goggo kaɗai ba ce. Ita ce dai ta farko a layi, manhajar kuma ba ta taɓa wuce ta ba balle ta gamu da sauran. Na kira matata na nuna mata lambar. Ta duba ta ce, "To, Allah ya sa haka ne," ta koma wankinta. Ba ta ce ta yarda ba.

Na nuna wa manhajar foldar da ke cikin rumbun kwamfuta maimakon katin. Koren layin ya zura a guje, kafin in gama shan shayi ta shigar da duka 636. Wato matsalar da na zauna dominta ta warware: masu bikin Sara za su samu hotunansu, ba wanda zai zo ƙofar gida yana sallama da ƙarfi. Na zauna ina kallon ɗaruruwan fuskoki a jere, kowa ya sha kwalliya, ban ji komai ba.

Saura hanya ɗaya, in ji abokina, kuma bai yi mini alkawari ba. Akwai wata manhaja kyauta mai suna PhotoRec, wadda wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya rubuta. Ita ba ta bin jerin sunayen da ke kan katin; bi take gurbi-gurbi tun daga farko har ƙarshe, duk inda ta ga alamar farkon hoto sai ta kwaso abin da ke biye. Sai da na fita bakin titi wajen sha biyun dare, inda sabis ya fi ƙarfi, kafin ta sauka. Ba ta da ado ko kaɗan, baƙin allo ne da farin rubutu, da kibiyoyi ake tafiya. Ya gargaɗe ni abu biyu: abin da ta tono in ajiye shi a rumbun kwamfuta, ba a kan katin ba; kuma kada in yi ta maimaitawa, don kowane zagaye wahala ce ga katin.

Zagayen farko ya ci kusan awa biyu, bai kawo ta ba. Ya kawo hotunan da na goge tun bara, har da na wani ango da aurensa ya riga ya mutu, amma ban da na 213. Na kira shi murya a sanyaye. Ya yi shiru, sannan ya ce laifinsa ne, ya manta: PhotoRec tana duba kowane hoto, in ta ga ya lalace sai ta watsar. Akwai wurin da ake ce mata ta ajiye har da lalatattu. Washegari na roƙi maƙwabcina ya ƙara mini awa ɗaya a kan sha ɗaya, na ce zan sayi man. Da ya ji dalili ya ce in bar kuɗina, Goggo ta sha ba shi tunkuza yana yaro.

A zagaye na biyu na ga inda ta iso gurbin. Lambobin da ke gudu suka rage sauri, suka tsaya, na riƙe numfashi. Can suka yi tsalle suka ci gaba. Na taɓa kad-ridan na ji ya yi ɗumi.

PhotoRec ba ta mayar wa fayil sunansa na asali. Lambobi take ba su, manya su fara da harafin f, ƙanana da t. Sai da na bi su ɗaya-ɗaya. Wajen sha biyu saura na same ta.

Hoton JPEG daga sama ake rubuta shi zuwa ƙasa, layi bayan layi, cikin 'yan murabba'ai masu ɗigo takwas-takwas, kamar yadda ake jera tubali, sai dai shi daga rufi ake farawa. In aka rasa wani yanki a tsakiya, abin da ke sama yana nan, abin da ke ƙasa ya rikice ko ya tafi. Nata ya tsira tun daga saman ƙofa har zuwa ƙirjinta. Daga nan sai wani zare mai ruwan hoda da kore ya gitta, ƙasansa kuma toka ce zalla, shafaffiya, kamar an yi wa rabin hoton yaɓe da siminti. A kwance na riƙe kyamarar ranar nan. Da a tsaye na riƙe ta, da ta gefe tokar za ta ci, ta raba fuskar biyu.

Ga ɗankwalinta mai ruwan ƙasa, ɗaurin nan nata na gaba-gaɗi. Ga zanen da ke kumatunta, wanda tsufa ya kusa haɗiyewa. Ba ni take kallo ba. A bayan kyamara ranar suna ban lura ba, allon ƙarami ne kuma hankalina na kan ko haske ya yi. Idonta na ƙasa, kan abin da ke cinyarta, kuma bakinta ya ɗan motsa ta gefe ɗaya, irin murmushin da take yi in ta ɗanɗana miya ta ji ta yi amma ba za ta faɗa ba. Abin da take kallon yana cikin toka.

Sai na tuna da masu harafin t. Kyamara tana cusa ɗan ƙaramin kwafin kowane hoto a can farkon fayil ɗin, ɗigo 160 a kwance, 120 a tsaye, don ta riƙa nunawa da sauri. Tunda a farko yake, lalacewar ba ta kai gare shi ba. Na nemo shi. Cikakke ne: tabarma, ƙofa, Goggo, da wani ɗan farin dunƙule a cinyarta. In ka ƙara masa girma sai ya tarwatse ya koma dara. In ka bar shi yadda yake, ka ɗan ja baya, za ka ga tsohuwa riƙe da jaririya.

Ƙanena da ke karatu a jami'ar tarayya ta Dutse ya zo hutun ƙarshen mako, na nuna masa a kwamfuta. Ya ce, "Yaya, ai wannan ba matsala ba ce yanzu." Akwai manhajojin da ake ba rabin hoto su ƙarasa sauran. Na ce sharaɗinta ban da waya. Ya ce a kwamfutarsa zai yi, ba inda za shi. Na yi rauni na bari. Abin da ya fito ya yi kyau, kyan da ya tayar mini da tsigar jiki. An ba ta hannaye sumul-sumul, har da zobe. An ɗora mata wata jaririya mai kumatu cikin tawul mai fure. Goggo kuwa a bayan hannunta na dama akwai tabon man gyaɗa da ya ƙone ta tun ina aji uku, ɗan yatsanta na ƙarshe kuma a tanƙware yake, ba ya miƙewa. Da hannun nan ta yi mini wanka, da shi ta mare ni ranar da na saci kuɗin ƙuli. Na ce ya goge, a gabana, ya kuma goge na asalin da na ba shi. Ya ga kamar na cika tsauri. Ya ce ai don Ummi ne, ta samu cikakken abu. Ni kuwa a ganina gara yarinya ta tambaye ni me ya sa rabin ya zama toka in gaya mata sakacin ubanta, da in miƙa mata hannun wata in ce na mai sunanta ne.

Na kai wa Baba kwamfutar zaure bayan sallar la'asar. Ya sa tabarau, ya matso da fuskarsa har tana neman taɓa allon. Ya daɗe. Carbin da ke hannunsa ya tsaya. Ya ce, "Ikon Allah. Sai ka ce Inna." Mahaifiyarsu yake nufi, wadda ban taɓa gani ba, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukarta. Ya nuna tokar da yatsa ya ce, "Yarinyar fa?" Na buɗe masa ƙaramin. Ya ja baya, ya ƙanƙance ido, ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ya isa. Rufe." Da na tashi zan fita ya ce, "Ka dai tuna abin da ta ce maka."

A Birnin Kudu na wanke su. Mai shagon ya ce bari ya yanke tokar ya bar fuskar kawai, zai fi kyau a firam. Na ce ba firam za a sa ba, ya bar shi yadda yake. Ƙaramin kuma ya fitar mini da shi girman fasfo, don in ya wuce haka ba ya ganuwa. Shi ya sa ba za ku ga ko ɗaya a tare da rubutun nan ba.

Yanzu duk ranar da na yi aiki, a daren nake kwashe kati, in kwafa a rumbun kwamfuta da filashi kafin in buɗe kowace manhaja, in kuma babu wuta in je shagon maƙwabcina in zauna kan benci har a gama. Tsohon katin ban jefar ba. Na sa shi a ambulan ɗaya da hotunan biyu, makullinsa a ƙasa, matata ta ajiye a cikin adakar Goggo, ƙarƙashin zannuwan da aka ce na takwararta ne. Ummi ta yi baki yanzu, har ta iya ce wa kyamara "ɗauke ni". Ban nuna mata ba tukuna. Cewa aka yi in ta girma.